Jagora ga Mai Mota Idan Na'urar Ɗumi Ta Koma Hura Sanyi

Duk wanda ya taɓa barin garin Jugu na Jamhuriyar Benin bayan sallar asuba a cikin watan Janairu, sa'ad da hunturu ya kankama, hazo ya lulluɓe kaɗanya da ɗorawar da ke gefen hanya, ya nufi Paraku cikin motar haya wadda gilasanta ba su rufuwa ruf, ba ya bukatar a kawo masa wata hujja a kan cewa ƙasar nan, duk da sunan da ta yi na zafi, tana da nata rabon na ɗari. Tafiyar kimanin kilomita 135 ce, amma ga wanda iska ke shigar masa ta wuyan riga, daidai take da ta yini guda. Na yi irin wannan tafiya wata shekara a gidan gaba na wata tsohuwar Peugeot 505, muna cunkushe, numfashinmu ya taru ya yi wa gilashin gaba yana, direba yana ta sharewa da hularsa, sai wata dattijuwa da ke baya, rungume da kwandon cukun Fulani wanda ake kira wagashi, ta ce, "Ɗana, motar nan taka ba ta da abin ɗumi ne?" Ya ce, "Akwai shi, Inna, amma sanyi yake hurawa, tun ran da na saye ta haka na same ta." Sa'an nan ya ƙwanƙwasa agogon zafin inji da ɗan yatsa, allurarsa tana kwance can ƙasa ko da yake mun yi fiye da rabin sa'a muna gudu, ya juyo gare ni cikin alfahari ya ce, "Malam, ka ga injina, ko kusa ba ya zafi." Ban ce masa kome ba a lokacin, domin ba a yi wa mai tuƙi gardama a kan hanya, amma abin da yake taƙama da shi ɗin nan shi ne ainihin cutar motarsa, kuma shi ne sababin rawar ɗarin da tsohuwar take yi.

Hanyar nan daɗaɗɗiya ce. A da, ta nan ayarin fatake daga Kano da Sakkwato suke ratsa ƙasar Bargu, su yada zango a Nikki da Paraku da Jugu, wadda suke kira Zugu, kafin su kai Salaga ta ƙasar Gwanja inda ake sarin goro, kuma unguwannin Zango da ke waɗannan garuruwa har yau su ne shaida. A wancan zamani madugu ba ya ɗaura kaya sai ya duba kofaton jaki da bayansa. Motocin da suka gaji jakunan a kan wannan hanya kuwa yawancinsu daga Turai aka kawo su bayan sun sha aiki, aka sauke su a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, har ma a Kano ake ce wa irinsu 'yan Kwatano. An ƙera su domin ƙasashen ƙanƙara, saboda haka babu wadda ta zo ba tare da na'urar ɗumi ba, wadda makanikan Nijeriya ke kira hita, na nan ƙasar kuma su ce shofaj. To, da yake watanni tara ko goma na shekara ba mai waiwayarta, ta zama marainiya a cikin mota, ba a tunawa da ita sai ran da aka neme ta aka rasa.

Wajibi ne mai mota ya fara fahimtar asalin ɗumin nan, domin wanda bai san mafarin kogi ba ba zai gane inda aka datse shi ba. Na'urar ba ta da wuta ta kanta, ba ta kuma ƙona mai na dabam. Man da inji ke sha, kusan sulusin ƙarfinsa zafi yake zama a jikin ƙarfe, sai ruwan da ke zagaya injin ya kwashe shi, famfon ruwa ya tura shi zuwa lagireto, iska ta fifita shi, ya komo. Daga cikin wannan ruwa mai zafi ne aka yanki wani reshe, aka bi da shi ta tiyo biyu masu kaurin babban ɗan yatsa, suka huda bangon ƙarfen da ya raba ɗakin inji da na fasinja, suka shiga wani ƙaramin lagireto wanda bai fi littafi girma ba, yana ɓoye a bayan allon da agogunan mota suke. Fanka tana hura iska ta cikinsa, wata 'yar ƙyaure kuma tana zaɓar wa iskar hanya, ko ta ratsa shi ta ɗumama, ko ta kauce masa ta fito yadda ta shiga. Saboda haka idan fanka tana juyawa, iska tana fitowa, amma ba ɗumi, mas'alar ba ta fita daga ɗayan uku: ko dai ruwan bai yi zafi ba, ko ya yi zafi amma bai isa wurin ba, ko kuwa ya isa amma an hana iska bi ta kansa. Idan iskar ce ba ta fitowa sam, wannan babi ne na dabam, na fis da waya da motar fanka, kuma mai gyaran wutar mota ne ma'abocinsa.

Farkon bincike da sassafe ake yinsa, kafin a ta da inji, kuma wannan sharaɗi ne wanda ba rangwame a cikinsa. Murfin lagireto yana danne ruwan da matsi, domin kada ya tafasa a daraja 100 yadda ruwan tukunya ke yi, sai ya kai wajen 120; wanda ya kwance murfin alhali inji yana da zafi, ruwan zai tafasa nan take ya yi tsiri ya wanke masa fuska da hannu, kuma da wuya ka zagaya garejojin gari ba ka ga mai tabon wannan ganganci ba. Idan inji ya huce, a buɗe a leƙa, a duba kuma gorar roba da ke gefe, wadda aka yi wa zane biyu, na sama da na ƙasa. Ƙaramin lagireton nan a yawancin motoci yana daga cikin wurare mafi tudu a hanyar ruwan, don haka shi ne ke fara bushewa idan ruwa ya ragu, kamar yadda rijiyar kan tudu ke riga ta fadama ƙafewa. Alamarsa ita ce ɗumi ya zo sa'ad da ake gudu, ya ɗauke sa'ad da aka tsaya a shingen kan hanya, ko a riƙa jin ƙugin ruwa a bayan allo kamar cikin mai jin yunwa. Wanda ya tarar ruwa ya ragu kada ya wadatu da cikawa kawai, domin ruwan da ke rufe ba ya raguwa haka siddan. Ya nemi inda yake zurarewa, a bakin tiyo, ko a gindin famfo, ko a jikin lagireto inda ya bar farin tabo ko kore.

Daga nan sai a kai ido can ƙuryar ɗakin inji, a nemi tiyon nan biyu. Sau da yawa a nan bincike yake ƙarewa tun bai yi nisa ba, domin za a iske bakunan bututu biyu sun leƙo daga bango babu kome a jikinsu, tiyon kuwa an lanƙwasa shi an haɗa bakinsa da na ɗan'uwansa da guntun bututun ƙarfe, ko an toshe kowanne da tsohon fulogi an ɗaure da waya. Wani makanike ne, a Kwatano ko a nan, ya raba na'urar da ruwa. Kada a yi gaggawar zaginsa, kada kuma a yi gaggawar mayar da tiyon, domin galibi ba a yin haka sai ƙaramin lagireton ya huje yana jiƙa ƙafar fasinja. A ɗaga shimfiɗar ƙasan gidan gaba a duba ko akwai tsatsa ko tsohon tabo. Sa'an nan a sa guntun tiyo a baki ɗaya, a cika da ruwa, a toshe ɗayan, a hura da baki ko da famfon keke a hankali, wani yana kallo daga ciki. Idan ya riƙe ruwa, alhamdu lillahi, sai a wanke shi a mayar. Idan ya zubar, to an san hukuncinsa.

In kuwa tiyo suna nan yadda maƙera suka sa su, sai a ta da inji a koma ga allurar da direban nan nawa yake alfahari da ita. A bakin inji, inda babban tiyon sama ya fita zuwa lagireto, akwai wani ɗan ƙarfe mai sifirin wanda masu gyara a ƙasashen Faransanci ke kira kalosta, ni kuwa sarkin ƙofa nake ce masa, domin aikinsa ke nan. Muddin inji yana da sanyi ƙofar a rufe take, ruwa yana kewaya inji da na'urar ɗumi kaɗai har ya yi zafi. Idan ya kai adadin da aka buga a jikinsa, 82 ko 88 ko abin da ya yi kusa da haka, kakin da ke cikinsa sai ya kumbura ya tura ƙofar, ruwa ya wuce lagireto. An daɗe da yin ijma'i a garejojinmu, tun daga Paraku har Maraɗi, cewa wannan abu na Turawa ne da ƙanƙararsu, kuma alheri ne a cire shi a yar da zarar mota ta sauka. Ni dai ina ganin wannan fatawa kuskure ce, ko da yake na san inda ta samo asali: ƙofar takan maƙale a rufe idan ta tsufa, inji ya tafasa a tsakiyar daji, wanda kuwa maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma maganin ƙofar da ta lalace shi ne sabuwar ƙofa. Injin da ke aiki cikin sanyi yana shan mai fiye da kima, baƙin mansa ba ya kai zafin da zai kore laima, silinda tana ci da wuri. A wasu injuna ma ƙofar tana da faifai na biyu mai toshe wata gajeriyar hanya, wanda idan babu shi ruwa yakan yi ta kewayawa a gida ya ƙi zuwa lagireto sosai, sai a wayi gari cirewar ta haifar da zafin da aka yi ta dominsa.

Gane wannan ba ya bukatar sifana. A dafa babban tiyon sama tun inji yana sabon tashi, ana kiyaye hannu da hannun riga daga fanka da bel. Idan sarkin ƙofa yana bakin aikinsa, tiyon zai zauna da sanyi na wasu mintoci, sa'an nan ya ɗau zafi farat ɗaya. Idan kuwa ya fara ɗumi sannu sannu tun daga farko, allura kuma ta ƙi kai tsakiya bayan tafiyar rubu'in sa'a, ko ta hau a cikin gari ta faɗi a kan buɗaɗɗiyar hanya, to ƙofar a buɗe ta maƙale ko babu ita ɗungum. Wanda ya sayo wata, musamman ta gwanjo, ya jarraba ta kafin ya ɗaura: ya rataya ta da zare cikin tukunyar ruwa a kan wuta, zai ga ta buɗe baki kafin ruwan ya tafasa, ta kuma rufe idan ya huce. A ɗaura ta da sifirin yana fuskantar inji, ɗan ramin iskar da ke gefenta, idan tana da shi, yana sama. Sai dai a yi wa injin gas uzuri kaɗan, domin shi bisa ɗabi'arsa ba ya ɗumama da wuri idan yana tsaye, sai an ɗora masa aiki.

To, idan ruwa ya cika, allura ta tsaya a tsakiya, amma har yanzu sanyi ake sha, sai a murɗa maɓallin ɗumi zuwa ƙarshen ja, a koma ga tiyon nan biyu a dafa su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ita ce hikimar da na fi so a cikin sana'ar duka, kuma a hannun wani tsohon makanike na unguwar Zango ta Paraku na gan ta, mutumin da ba ya taɓa kwance ƙusa sai ya gama tambayar motar da tafin hannunsa. Na ga ya kama ɗaya ya saki da sauri, ya kama ɗayan ya riƙe, sa'an nan ya kira yaronsa ya ce, "Zo ka taɓa, me ka ji?" Yaron ya ce, "Maigida, wannan wuta, wannan kuwa kamar randa." Ya ce, "To, ruwa ya zo ƙofar gida an hana shi shiga." Ƙa'idar ke nan. Ɗaya da zafi ɗaya da sanyi, toshewa ce a ciki, ko kuwa famfon da ke kan tiyon a rufe yake, domin tsofaffin motoci irin su 504 suna da ɗan famfo wanda waya ke ja daga cikin mota, kuma shekarun da ya yi ba a taɓa shi ba sukan sa ya ƙage. Duka biyun da sanyi alhali inji ya yi zafi, ruwa ba ya tafiya ke nan, ko iska ta tare hanya, ko fukafukan famfon ruwa sun cinye, wannan kuwa yakan zo tare da hawan allura. Duka biyun da zafi, to ruwa ya sauke nauyin da ke kansa, laifin yana wurin 'yar ƙyauren iska.

Toshewa ita ce ta fi yawa a ƙasarmu, kuma mu ne muke jawo ta da hannunmu. Ruwan da masu mota suka zo da shi daga Turai yana da magani a ciki, wanda ban da hana daskarewa, abin da bai dame mu ba, yana hana tsatsa, yana kuma ɗaga haddin tafasa. Mu kuwa da zarar ya ragu sai mu cika da na rijiya ko na rafi, da gishirinsa da jar ƙasarsa, shekara da shekaru, har cikin inji ya koma kamar kunun kanwa. Idan lagireto ya fara ɗiga kuma, maimakon a kai wa mai walda, sai a fasa ƙwai a ciki, ko a zuba garin barkono ko na taba, dabarar da takan fid da mutum daga daji, amma duk abin da ya iya toshe huda zai iya toshe hanya, hanyoyin ƙaramin lagireton nan kuwa sun fi na babban ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Wankinsa shi ne a bar inji ya huce, a cire tiyon biyu daga wajen inji, a sa ruwa ta bakin da yake fita domin ya fito ta bakin da yake shiga, wato a bi da shi saɓanin al'adarsa, datti ya koma ta inda ya zo. Za a ga jan ruwa da ɓarɓashi suna zuba cikin bokiti. A yi ta yi, ana juya bakin, har ya fito garau. Ƙarfin famfon gida ya isa, ko jarka a ɗora bisa rufin mota. Injin wankin mota mai feshi da ƙarfi haramun ne a nan, domin zai fasa abin da ake son ceto, haka kuma soda mai ci, wadda ke narkar da gorar ruwa da ake ƙera na zamani da ita.

Amma 'yar ƙyaure, idan ta waya ce, sau da yawa wayar ce ta zame daga maƙalinta, maɓalli yana juyawa sakwaf babu nauyi. Mai haƙurin kwanciya rigingine a ƙarƙashin allo da tocila zai mayar da ita cikin 'yan mintoci. A motocin da suka zo daga baya ƙaramar motar lantarki ce ke juya ta, idan haƙoranta na roba suka karye sai a riƙa jin ƙas-ƙas a bayan allo duk sa'ad da aka murɗa makulli, sauyawa kawai ake yi.

Kowane irin gyara aka yi, muddin an buɗe hanyar ruwa, iska ta shiga, kuma fitar da ita farilla ce, ba nafila ba. A nan ne gyara mai kyau yakan lalace a hannun mai gaggawa. A tsayar da mota hancinta yana kallon tudu, a buɗe maɓallin ɗumi gaba ɗaya, a zuba ruwa a hankali kamar mai zuba mai a kwalba. Motocin Faransa, Peugeot da Renault da Citroën, suna da 'yan ƙusoshin fitar da iska a kan tiyo da kusa da gidan kalosta. A sassauta su har ruwa ya fito babu kumfa, sa'an nan a ɗaure, ana farawa da na ƙasa. A ta da inji, a bar shi har ƙofa ta buɗe, fanka ta tashi ta tsaya, a kashe, a jira ya huce, a ƙara abin da ya ragu. Abin zubawa kuwa shi ne ruwan magani na galan, a karanta jikinsa a gani ko haɗaɗɗe ne ko kuwa sai an surka shi rabi da rabi da tataccen ruwa irin wanda ake sa wa batir, kuma kada a gauraya iri biyu don kawai launinsu ya zo ɗaya. Ina gargaɗi da babbar murya a kan wannan ruwa: yana da zaƙi a baki, yana da launi irin na lemon kwalba, kuma guba ne mai kashe ƙoda. A ƙasar da ake sayar da fetur a kwalabe a bakin titi, an saba zuba kome cikin kowace gora, to wannan kam kada a bar shi inda yaro zai kai hannu, kada kuma a zubar da tsohonsa inda akuya ko kaza za ta sha.

Akwai hali guda wanda na'urar ɗumi ba ita ce marar lafiya ba, 'yar aike ce kawai. Idan an fitar da iska yau gobe ta dawo, ruwa yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba, kumfa tana tasowa a bakin lagireto ba ƙaƙƙautawa, salansa tana fitar da farin hayaƙi mai ƙanshin zaƙi bayan inji ya yi zafi, ko aka zaro sandar baƙin mai aka ga ya koma kamar shayi da madara, to gasket ɗin kan inji ne ya ƙone, wanda a nan ake kira juwan kulas. Wannan ba aikin ƙofar gida ba ne, kuma mota ba ta da halin zuwa Malanbil ko Kwatano a kansa. Haka nan sauya ƙaramin lagireton da ya huje, wanda alamarsa ita ce danshi a ƙafar fasinja da wani maiƙo a gilashi da ba ya sharuwa: a motoci da yawa sai an sauke allon gaba ɗungurungum, aikin yini guda ne ko fiye, a cire kan batir tukuna saboda jakar iska, a kuma yi ciniki a kan ladan aiki tun ba a kwance ƙusa ta farko ba.

Mai yiwuwa wani ya ce wahalar ta fi amfanin, tun da ɗarin bai wuce Disamba zuwa Fabrairu ba. Sai in tuna masa da ruwan Agusta, sa'ad da gilashi ke rufewa daga ciki ana tsakiyar manyan motocin da ke jigila tsakanin Paraku da iyakar Nijar, babu abin da ke buɗe shi da sauri kamar iska mai ɗumi da aka ɗauko daga waje, balle in an haɗa ta da na'urar sanyi mai tsotse laima. In kuma tuna masa da hawan duwatsun Atakora a wajen Natitingu cikin zafin Maris, da kaya har bisa rufi, allura tana tafiya wajen ja: a wannan hali direban da na'urarsa ke aiki yakan sauke gilasai, ya buɗe ɗumi da fanka har ƙarshe, ƙaramin lagireto ya taya babban ɗaukar kaya, fasinja su yi gumi su yi tsaki, amma a samu a kai inuwar da za a tsaya. Bayan an gama gyara, a ɗauki alli ko biro a yi zane a jikin gorar roba daidai inda ruwa ya tsaya da safe, a duba shi kwana uku a jere kafin a ta da inji. Raguwa kaɗan a rana ta farko ragowar iska ce ta fita, amma idan ta zarce zuwa ta uku, sai a shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota da dare a ga inda zai jiƙe.